Komawa Makaranta A Lokacin Korona: Alhakin Wa Za Mu Ɗauka?



'Yan uwa, a shekarar 2020 gwamnatin jihar Kano ta sanar cewa ɗaliban makarantun kwana za su koma ranar Lahadi 11 ga Oktoba, 'yan jeka-ka-dawo kuma ranar Litinin 12 ga wata, har da Islamiyyu. Tun 23 ga Maris na 2020 aka rufe, kusan wata bakwai ke nan a lokacin, in ban da 'yan ajin ƙarshe na sakandare da aka dawo da su a Agusta domin jarrabawar WAEC. Tunda sanarwar ta fito tambaya ɗaya ake ta jefo min, a masallaci, a majalisa, a waya: Malam, mu tura su ko kada mu tura?

Wasu kam ba tambaya suke yi ba, so suke in sa musu hannu a kan hukuncin da suka riga suka yanke. Akwai masu cewa tun farko ma rufewar zalunci ce, korona ƙarya ce, hanyar cin kuɗi ce. Akwai kuma masu cewa ai rai ya fi boko, a bar makarantu a rufe har sai cutar ta kau gaba ɗaya. Ni dai ra'ayina a buɗe, kuma a tura yara. Amma kafin wani ya ce Malam yana tare da mu, ya dakata ya karanta zuwa ƙasa, don sharuɗɗan da zan faɗa sun fi ra'ayin nauyi.

Bari in fara da masu cewa ƙarya ce. Na san inda wannan shakka ta samo asali, kuma ba na raina ta. Mutanen Kano ba su manta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a asibitin masu cututtuka masu yaɗuwa, aka daɗe ana shari'a a kai. Wannan tabo yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. To amma ɗan uwa, ina kake a watan Afrilun 2020? An tabbatar da mutum na farko mai cutar a Kano ranar 11 ga Afrilu. Kafin watan ya ƙare, masu haƙan kabari a Dandolo da sauran maƙabartun birni suna cewa ba su taɓa ganin jana'iza a jere haka ba. Malamai, alƙalai, farfesoshi, attajirai, kullum sai an wayi gari da sanarwa. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka yi ya ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari ana alaƙanta su da wannan cuta. Shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa, Abba Kyari, ita ce ajalinsa ranar 17 ga Afrilu. In wani ya ci kuɗin korona, Allah zai tambaye shi, kuma ba na musun an ci. Sai dai cin kuɗin cuta bai mayar da cutar ƙarya ba, kamar yadda satar kuɗin taki ba ta nuna babu damina.

Ku riƙe abu ɗaya daga wancan lissafin, zan dawo kansa: mafi yawan waɗanda suka tafi dattawa ne, da masu hawan jini da ciwon suga. Abin da likitoci suka gani a ko'ina a duniya ke nan. Yara suna kamuwa, suna iya ɗauka su kai wa wasu, amma da wuya ta kwantar da su.

Masu cewa a ci gaba da rufewa su ne maganarsu ta fi daɗin ji, domin kama da tausayi take. Ministan ilimi na lokacin Malam Adamu Adamu ma a watan Yulin 2020 ya nuna gara yara su yi asarar shekara guda da a jefa su cikin haɗari, kafin daga baya gwamnati ta sauya shawara. Wa zai ƙi wannan magana? Wane uba ne zai ce takarda ta fi ran ɗansa?

Amma ni tambayata ita ce: a watannin nan bakwai, ina yaran Makoɗa suke? A killace suke cikin ɗaki? Duk wanda ya san Koguna, Maitsidau, Wailare, Satame ko Tangaji ya san amsa. Maza suna gona tun shuka har girbin gero, wasu suna kiwo, wasu sun bi yayyensu birni ga-ruwa da facin taya. Mata suna kan talla daga safe har la'asar. Ranar Lahadi ka shiga kasuwar Dambatta ka gani, rabin masu tiren goro da ruwan leda 'yan firamare ne, kafaɗa da kafaɗa da mutanen da suka zo daga garuruwa daban-daban. Tun watan Mayu aka koma sallar Juma'a, aka yi Idi. Ranar 2 ga Yuli aka ɗage dokar kulle a jihar. An yi Babbar Sallah, ana biki, ana suna, ana cika mota har da na saman kaya. A lokacin duk ƙofofin garin nan a buɗe suke, saura ta makaranta. To wace kariya ce wannan? Yaron da muka ce muna tsoron ya zauna kusa da ɗan uwansa a benci, shi ne muke turawa cikin dubban mutane da faranti a ka.

A nan ne nake ganin asalin matsalar take, kuma ba matsalar likitanci ba ce, matsalar zuciya ce. Akwai alhakin da ake gani, akwai wanda ba a gani. Idan aka buɗe makaranta, yaro ya kwaso cuta ya kai gida, kakarsa ta rasu, akwai gawa, akwai rana, akwai wanda za a nuna da yatsa: kwamishina, hedimasta, ko Malam da ya ce a tura. Idan kuwa aka bar makaranta a rufe, yarinya mai shekara 13 da ke cin na ɗaya a ajinsu ta shiga talla, ta saba da kuɗi, aka kawo kayan zance, aka sa rana, shi ke nan, babu jana'izar da za a yi wa karatunta. Babu mai zuwa ta'aziyya. Babu jaridar da za ta buga. Shekara goma nan gaba za ta zo asibiti da jariri a hannu, a miƙa mata takardar magani ta kasa karantawa, kuma ba wanda zai ce shekarar korona ce ta jawo. Shi ya sa kowane mai mulki, da kowane uba, ya fi samun natsuwa da rufewa. Yana ganin in bai yi komai ba, ba shi da laifi. Alhali a wurin wanda aka ba amana, barin abu ma aiki ne da za a tambaye shi a kai. Makiyayin da ya ƙi fita da dabbobi don tsoron kura, ya bar su a turke har yunwa ta kashe su, mai dabbobin ba zai yaba masa ba don kawai babu jini a ƙasa.

Kuma ku lura da wanda yake biyan wannan kuɗin. Ɗan mai hali a Nasarawa ko Abuja yana karatu ta waya da kwamfuta, malaminsa yana zuwa gida. Mu aka ce mana darasi ta rediyo da talabijin. Allah Ya saka wa waɗanda suka yi ƙoƙarin, amma don Allah a gidajenmu rediyo a hannun wa take? Maigida ya rataye ta ya tafi gona. In ma tana gida, ta yaya ɗan aji biyu zai koyi riƙe fensir daga murya? Wani malamin firamare ya gaya min ya tara yaran unguwarsu a ƙofar gida don ya gwada su, sai ya tarar waɗanda suke haɗa baƙi da wasali a Maris yanzu sai sun yi dogon tunani kafin su gane harafi. Haka abin yake a Islamiyya. Yaron da ya kai izu biyar, wata bakwai babu tilawa, ku da kanku kun san abin da ya rage. Dama tun kafin cutar, alƙaluman UNICEF suna cewa yara miliyan 10.5 ne ba sa zuwa makaranta a Najeriya, mafi yawa a nan Arewa. Rami ne da muke ciki, rufewar nan ta ƙara masa zurfi.

Ba mu ne na farko ba. Lokacin Ebola, Saliyo ta rufe makarantunta kusan wata 9, daga 2014 zuwa 2015. Da aka buɗe, dubban 'yan mata suna ɗauke da juna biyu, da yawa ba su sake taka aji ba. Cutar ta wuce, wannan asarar kuwa tana nan tare da su.

Ga malaman makarantu masu zaman kansu da na Islamiyya, waɗanda abincinsu kuɗin wata ne da kuɗin Laraba. Na san mahaddacin Alƙur'ani da ya sayar da akuyar matarsa a cikin azumin 2020, kunya ta hana shi roƙo. Ga almajirai, da gwamnonin Arewa suka yi ta lodawa a motoci ana mayarwa jihohinsu a Afrilu da Mayu, wasu aka tsare su a sansanoni irin na Ƙaraye da Ƙiru. Duk wannan muhawara ta komawa makaranta da ake yi a rediyo, da wuya ka ji an ambace su, kamar su ba ɗalibai ba ne.

Wani ɗalibin ilimi ya kawo min hujja da ƙa'idar nan ta fiƙihu, cewa ana gabatar da kawar da ɓarna a kan jawo amfani. Ƙa'ida ce ingantacciya, amma ba wurinta ba ne nan. Tana aiki ne idan ɓarna na gefe ɗaya, amfani na ɗaya gefen. Mu kuwa ɓarna biyu ce a gabanmu, kuma malamai sun ce idan ɓarna biyu suka haɗu babu makawa, ana ɗaukar mafi sauƙi don kauce wa mafi girma. Wannan yana buƙatar awo, awo kuma yana buƙatar a ɗora duka biyun a kan sikeli. Kuma awon yana sauyawa da lokaci. A Afrilu, ba a san cutar ba, ana ta mutuwa, har ɗakin gwajin da ke asibitin Malam Aminu Kano sai da ya tsaya na wasu kwanaki, rufewa ita ce daidai, kuma na goyi bayanta. Hatta aikin Hajjin 2020 sai da aka taƙaita shi ga 'yan tsirarun mazauna Saudiyya. Yau lissafin ya sauya. Wanda ya ce hukuncin Afrilu dole shi ne na Oktoba, ya manta cewa fatawa tana bin hali.

Su kuma masu cewa ai tawakkali, abin da Allah Ya rubuta ba makawa, a cika aji kawai a ci gaba kamar da, ina tuna musu abin da ya faru a shekara ta 18 bayan Hijira, lokacin annobar Amwas a ƙasar Sham. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya kama hanyar Sham, ya kai wani wuri da ake kira Sarg, sai labari ya riske shi cewa annoba ta ɓarke. Me ya yi? Ya tara Muhajirai ya nemi shawara, suka saɓa. Ya tara Ansaru, su ma suka saɓa. Ya kira dattawan Ƙuraishawa, su suka haɗu a kan a juya. Da ya yanke a koma, Abu Ubaida ɗan Jarrah ya tambaye shi ko gudun ƙaddara ake yi. Umar ya nuna masa cewa komawar ma cikin ƙaddarar take, ya buga masa misali da mai raƙuma a kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya busasshe: duk inda ya kai su da ƙaddarar Allah ne, amma mai hankali ya san inda zai nufa. Sannan Abdurrahman ɗan Aufu ya iso ya sanar da su umarnin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, na hana shiga garin da annoba take da hana fita daga cikinsa don gudu. Bukhari da Muslim duk sun kawo wannan ƙissa.

Abin da yake burge ni a cikinta, Sahabbai ne suka saɓa, kuma babu wanda aka kore daga imani. Mu kuwa a nan, mai sa takunkumi an ce masa ɗan Yahudu, marar sawa an ce masa jahili. Haba jama'a.

Amma darasin da ya fi dacewa da mu yana gaba kaɗan. Annobar ta ɗauki Abu Ubaida, ta ɗauki Mu'azu ɗan Jabal da dubban Musulmi. Da jagoranci ya zo hannun Amru ɗan Asi, malaman tarihi sun ambata cewa ya kwatanta cutar da wuta mai cin abin da ke kusa da ita, ya umarci mutane su warwatsu cikin duwatsu. Wasu sun yi masa inkari, amma aka watsu, kuma cutar ta lafa. Amru bai sallami rundunar ba, bai kuma bar ta a cunkushe ba. Yanayin zaman ya sauya. Abin da nake kira a yi da makarantunmu ke nan.

Ma'aikatar ilimi ta tarayya ta fitar da ƙa'idojin komawa tun Yulin 2020: tazarar mita 2, wanke hannu da ruwa mai gudana da sabulu, takunkumi, na'urar auna zafin jiki a bakin ƙofa. Mu yi lissafi. A ce aji yana da faɗin mita 7, tsawon mita 8. Ko an manna yara da bango, malam ya tsaya a waje, ba za su wuce 20 ba. Ni kuwa na sha shiga ajin da yara suka haura 100, a ƙasa, gwiwa na gugar gwiwa. Akwai makarantun da ko rijiya babu, balle famfo. Wanda ya rubuta takardar nan da wata makaranta a ransa, ba tamu ba.

To a nan ne nake jin tsoro, fiye da tsoron cutar. Na san halinmu. Za a sayi bokiti mai famfo guda ɗaya, a ajiye a ofishin hedimasta. Ranar da aka ji sufeto zai zo, a fito da shi, a cika shi da ruwa, a raba wa layin gaba takunkumi, a ɗauki hoto. Mota na tashi a kwashe. Yara suna kallo fa. Darasin farko da za su koya bayan wata bakwai shi ne cewa doka abar nunawa baƙo ce, kuma malaminsu, wanda zai koya musu gaskiya da amana, shi ne ya shirya wasan. Ina roƙon hedimastoci, don girman Allah, abin da ba za ku iya ba ku rubuta wa sakataren ilimi cewa ba za ku iya ba. A san gaskiyar halin da ake ciki ya fi a cika fayil da rahoton ƙarya, wanda a kansa gobe za a yanke wani hukuncin.

Sannan mu dubi abin da Allah Ya ba mu wanda birni ba shi da shi: fili da inuwa. Likitoci sun yi ittifaƙi cewa cutar ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki mai cunkoso, a sarari kuwa iska tana tarwatsa ta. Ƙasar Denmak, wadda ta riga sauran Turai mayar da 'yan firamare tun 15 ga Afrilu, fitar da darussa waje ta yi, ta raba yara ƙananan rukunai. Su da sanyinsu ke nan. Ita kanta takardar ma'aikatar ilimi ta ambaci karatu a waje cikin hanyoyin da aka yarda da su. Mu kuma da kakanninmu suka haddace Alƙur'ani a gindin tsamiya da kiskadi, yau mu ne muke jin kunyar inuwa, wai sai an ce makarantar ƙauye. Wace makaranta ce a ƙasar Makoɗa babu darbejiya ko mangwaro kusa da ita? Tabarma, allo mai ƙafa, alli. Kuma lokacin ya dace: damina ta ja baya, hunturu bai shigo ba. Waɗannan makonni na tsakani su ne mafi kyau a duk shekara, domin da sanyi ya kama kowa zai rufe taga, ga mura da tari ko babu korona. Duk satin da aka ƙara jinkirtawa daga wannan rabon ake yankewa. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1 ga Yuni suka koma, yaran Maraɗi da Damagaram suka ƙarasa shekararsu.

Tsarin da kwamishinan ilimi na lokacin, Muhammad Sanusi Sa'id Ƙiru, ya sanar ya raba kwanaki: 'yan aji ɗaya da biyu na firamare Litinin da Talata, 'yan aji uku zuwa biyar Laraba zuwa Juma'a. Na fahimci dalilin, rage cunkoso ne. Amma kwana biyu a sati ga yaron da ya manta haruffa, gaskiya kamar ɗigon ruwa ne a kan dutse mai zafi. Inda iyaye za su iya haɗa tabarmi da rumfar zana, kwamitin makaranta ya nemi izini a ƙara wa ƙananan kwanaki a waje. Inda babu isassun malamai, muna da masu NCE da digiri zaune a gari, jami'o'i ma sun shiga yajin aiki tun Maris na 2020, samarinmu suna majalisa suna danna waya. Ga aikin lada.

Batun ruwa kuwa, ba sai an jira kwangila ba. Al'ummar da take alwala sau biyar a rana ba za a koya mata buta ba, sabulu kawai za a ƙara. Butoci goma da sabulun wanki, kuɗinsu bai kai abin da ake liƙi da shi a biki ɗaya ba. Abin da ya kamata a daina shi ne moɗa ɗaya a bakin randa, yaro ɗari su sha da ita. Kowa ya zo da gorarsa. Kuma yaron da ya tashi da zazzaɓi ko tari ya zauna a gida, malam ya ajiye bulalar fashi a wannan zangon. In yaro ya san duka ke jiransa, da zazzaɓin zai zo.

Yanzu in dawo kan abin da na ce ku riƙe. Tunda dattawa cutar ta fi kayarwa, to kariyar a kansu ya kamata ta taru. Mun shafe wata bakwai muna tsare waɗanda haɗarinsu ya fi ƙanƙanta, alhali tsoho mai shekara 70 yana sahun gaba a jana'iza, ana ta musabaha da shi. A kowace makaranta akwai malamin da ya manyanta, ko mai suga, ko mai asma. Irin waɗannan a ɗauke musu shiga aji mai cunkoso, a ba su rukunin waje, ko su huta, kuma haƙƙinsu ya ci gaba da zuwa. Wannan ya fi shafar Islamiyyu, domin su ne ake cusa yara a zaure ko shago marar taga, kuma sau da yawa mai makarantar dattijo ne da ba ya iya cewa ya gaji. Ɗalibansa manya su karɓe shi. A gida kuma, yaro in ya dawo ya wanke hannu da fuska kafin ya shiga ɗakin kaka. In yana tari, ya gaishe ta daga bakin ƙofa, kuma a daina kwanan jikoki biyar a ɗakinta har Allah Ya kawo sauƙi. Na san Iya za ta yi faɗa, ta ce ana raba ta da jikokinta. A lallashe ta. Faɗanta ya fi mana rashinta.

Akwai aikin da ya fi duk waɗannan wahala, kuma babu shi a takardar kowace ma'aikata. Buɗe ƙofa daban, dawowar yara daban. Ranar Litinin wasu benci za su kasance babu kowa. Uba zai ce a bari a gama cirar gyaɗa da roron wake, daga nan a ce sai an yanke dawa, daga nan yaro ya tafi cirani. Uwa za ta ce tallan nan da shi ake tara kayan ɗaki. Ba na zagin kowa, talauci ne, kuma bana ya yi tsanani. Amma kowane malami yana da rajistar Maris. A buɗe ta, a kira suna ɗaya bayan ɗaya. Wanda sati biyu suka wuce ba a gan shi ba, a kai sunansa wurin mai unguwa da liman, a taka har gida. A je da girmamawa, a zauna a zaure a yi magana, a ji abin da ya hana.

Na fi damuwa da 'yan aji ɗaya na ƙaramar sakandare da na babba, waɗanda aka ce su ƙara jira sati biyar a gida. Shekarun nan su ne daidai lokacin da ake cire yarinya, ga kaka ta yi, kuɗi sun shigo hannu, lokacin bukukuwa ya zo. Ban zo yin muhawarar shekarun aure a nan ba. Abin da nake cewa waliyyai shi ne, wanda ya riga ya ba da 'yarsa, ya sa ci gaba da karatunta cikin sharuɗɗan da za a faɗa a gaban shaidu, kuma ya bibiya. Wanda bai bayar ba, ya ji tsoron Allah kada ya mayar da hutun dole ya zama dalili. Mu limamai da ake kira ɗaurin aure, ba laifi ba ne mu tambaya: ajinta nawa, kuma ina za ta ƙarasa?

Saura tambayar da wani zai yi, kuma yana da gaskiya: in cutar ta dawo fa? Tana iya dawowa. A Oktoban 2020 Ingila da Faransa da Sifen sun ga ta sake tashi bayan sun zaci ta lafa. Shi ya sa nake so tun yau a yi yarjejeniya a kan abin da zai sa a sake rufewa, kada a bari sai tsoro ko jita-jita sun yanke mana. In malamai biyu ko uku a makaranta ɗaya suka kwanta da zazzaɓi da sarƙewar numfashi ko ɗaukewar jin ƙamshi, a sanar da jami'in lafiya na ƙaramar hukuma, a rufe wannan makarantar sati biyu, ba sai an rufe ta Wailare don an yi rashin lafiya a Fagge ba. Kuma a sa ranar dawowa tun ranar rufewa.

A 2020 gwaji yana birni, mu nan ba mu da shi a kusa. Amma muna da wani ma'auni. A Afrilu, masu haƙan kabari ne suka fara ankarar da duniya abin da ke faruwa a Kano, kafin kowane ofishi ya yarda. Saboda haka ina roƙon 'yan uwana limamai na Makoɗa da kewaye, kowa ya sayi littafi. Duk jana'izar da ka sallata daga ranar 12 ga wata, ka rubuta rana, da kimanin shekarun mamacin, da ciwon da iyalansa suka ce ya yi. Duk ranar Juma'a bayan an sauko, a haɗa lissafin a wurin dagaci, a kwatanta da abin da aka saba gani a irin wannan lokaci. Na riga na yi magana da limamai huɗu sun amsa, wanda yake so ya shiga ya same ni bayan sallar la'asar.